Tara Kafin Sanarwa: Hukuncin Ajiye Mota Inda Alamar Hani Ba Ta Fito Fili Ba

Tarar ajiye mota a wurin da aka hana tana cikin mafi ƙanƙantar hukuncin da hukuma ke yanke wa ɗan ƙasa, amma tambayar da ke ƙarƙashinta tsohuwa ce kuma babba: shin ya halatta a hukunta mutum a kan umarnin da bai iso gare shi ba? Malaman tauhidi sun tattauna ta a babin tsayuwar hujja, malaman fiƙihu a babin uzuri da jahilci, masana doka kuma a babin shelanta doka kafin aiki da ita. Direban da ya fito daga shago ya tarar an ɗaure wa motarsa ƙarfe a taya, ya duba gabas da yamma bai ga allon hani ba, wannan tambayar yake yi, ko da bai san sunanta a littafi ba.

Yadda lamarin yake a Adabraka

Adabraka tsohuwar unguwa ce a birnin Accra na ƙasar Ghana, tsakanin shataletalen Kwame Nkrumah, wanda kowa ke kira Circle, da tsakiyar gari inda kasuwar Makola take. An shata ta ne a farkon ƙarni na 20, zamanin da mota ba ta yawaita ba, don haka gidajenta da yawa ba su da filin ajiye abin hawa. A yau titunanta, irin su Kojo Thompson da Farrar da Kwame Nkrumah, cike suke da ofisoshi da maɗaba'u da otal-otal da shaguna. Mutanen zangunan Nima da Maamobi suna cikin masu shiga unguwar kullum: direbobin tasi da na motocin haya da ake kira trotro, masu dakon kaya, 'yan kasuwa da ma'aikata. Yankin Accra kuwa, bisa ƙidayar 2021, yana da mutane sama da miliyan 5.

Ikon tsara tituna ya rarrabu. Tsakanin 2018 da 2019 an yayyanka tsohuwar majalisar birnin Accra, wato AMA, aka fitar da sababbin majalisu. Adabraka ta faɗa ƙarƙashin Korle Klottey, Nima ƙarƙashin Ayawaso ta Gabas, Maamobi kuma ƙarƙashin Ayawaso ta Arewa. Direban da ya taso daga Maamobi ya bi ta Nima da Adabraka ya sauka Makola ya ratsa iyakar majalisu aƙalla huɗu a 'yan kilomitoci kaɗan, kowace da jami'anta. A saman su akwai dokar hanya ta ƙasa ta 2004 da ƙa'idojinta na 2012, da sashen 'yan sanda mai kula da zirga-zirga, MTTD. Hukuncin da aka saba gani shi ne a kulle taya, ko a janye motar zuwa harabar hukuma, sai an biya tara a sake ta.

Rashin fitowar alama iri-iri ne. Akwai allon da rana da ruwan sama suka cinye launinsa. Akwai wanda ya faɗi ba a mayar ba, da wanda rumfar mai sana'a ko allon talla ko reshen bishiya ya rufe. Akwai wanda aka kafa a bakin titi kaɗai, ta yadda mai shigowa daga lungu ba zai taɓa ganinsa ba. Akwai wanda bai nuna inda hanin ya fara da inda ya ƙare ba, ko sa'o'in da yake aiki. Sannan akwai rubutun da masu gida ko masu shago ke yi da fenti a jikin bango, wanda ke sa mutum ya kasa rarrabe hanin hukuma da na mai son kare ƙofar shagonsa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da nasa hukunci, domin uzurin da suke bayarwa ba ɗaya ba ne.

Asalin mas'alar a Musulunci

Tushen da malamai ke komawa gare shi shi ne aya ta 15 a Suratul Isra'i, wadda ta nuna cewa Allah ba ya azabtar da mutane sai bayan ya aiko musu manzo. Aya ta 165 a Suratun Nisa'i ta bayyana dalilin aiko manzanni, wato don kada a bar wa mutane hujja, aya ta 115 a Suratut Tauba kuma ta nuna cewa ba a kama mutane da laifi sai an bayyana musu abin da za su kiyaye. Malamai sun fahimci cewa idan Mahalicci, wanda babu mai tuhumarsa, ya sanya bayani gaba da uƙuba, to mahluki mai riƙe da iko ya fi cancantar bin wannan tsari.

Sunna ta nuna yadda ƙa'idar ke aiki. A shekara ta 2 bayan Hijira aka juya alƙibla daga Baitul Muƙaddas zuwa Ka'aba. Mutanen Ƙuba suna cikin sallar Asuba labari ya iso musu, suka juya a cikin sallar, ba a kuma umarce su da rama abin da suka sallata bayan saukar hukuncin ba. Hukuncin ya riga ya sauka, amma bai hau kansu ba sai da ya iso kunnensu. Haka Mu'awiya ɗan Hakam, wanda ya yi magana a cikin salla bai san an hana ba: Annabi (SAW) ya koya masa cikin taushi, bai sa shi ya sake sallar ba. Daga irin waɗannan ne malaman usulu da yawa suka fitar da cewa hukunci ba ya tabbata a kan mutum sai bayan isar saƙo.

Amma ba kowane rashin sani ne uzuri ba. Shihabuddin al-Ƙarafi, malamin Malikiyya na Masar wanda ya rasu a 1285, ya ware babi a littafinsa Al-Furuƙ don rarrabe jahilcin da ake yafewa da wanda ba a yafewa. Ma'auninsa shi ne wahalar kauce masa: abin da bisa al'ada yake da wuya mutum ya gano, an yafe, abin da yake iya sani da ɗan ƙoƙari, ba a yafe ba. Daga misalansa akwai wanda ya sha giya yana zaton halastaccen abin sha ne, da alƙalin da ya yi hukunci da shaidun zur bai san halinsu ba. Jalaluddin as-Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505 kuma ya yi wasiƙa da sarakunan Katsina da Agadas, ya ƙara bayani biyu a Al-Ashbah wan Naza'ir. Na farko, ba a karɓar da'awar jahilci a kan abin da yawancin mutane suka sani, sai daga sabon shiga Musulunci ko wanda ya tashi nesa da mutane. Na biyu, wanda ya san abu haramun ne amma bai san girman hukuncinsa ba, wannan rashin sanin ba ya amfana masa komai.

Idan aka ɗora wannan a kan titi, hoton yana fitowa. Direban da ya ce bai san ana hana ajiye mota a wasu wurare ba, ba shi da uzuri, domin wannan sani ne da lasisinsa ya ɗora masa. Wanda ya ga allon sarai ya yi ko oho don yana zaton tarar ba ta taka kara ta karya ba, shi ma haka. Amma wanda ya duba, irin dubawar da mai hankali ke yi, bai ga komai ba saboda allon ya faɗi ko an rufe shi, jahilcinsa na halin wurin ne, kuma shi ne irin wanda Ƙarafi ya ce an yafe.

Abin da hankali ke ganewa da abin da sai an faɗa

Akwai wata tsohuwar muhawara a ilimin tauhidi da ke taimakawa a nan. Mu'utazilawa sun ce hankali shi kaɗai yana gane kyawun abu da muninsa, har mutum ya cancanci uƙuba ko da saƙo bai zo masa ba. Ash'ariyya, wadda akidarta ta daɗe tana yaɗuwa a makarantun ƙasar Hausa, ta ce babu uƙuba sai da saƙo. Maturidiyya ta tsaya a tsakani, ta ba hankali rabonsa a wasu al'amura. Muhawarar ta shafi hisabin lahira ne, amma ta bar wa masu nazarin doka rarrabewa mai amfani: akwai abin da cutarwarsa a fili take, akwai kuma wanda bai zama laifi ba sai don mai iko ya ce a bari.

Wanda ya toshe ƙofar asibiti, ko mashigar gidan mutane, ko ya tsaya a tsakiyar mararraba, ko a kan wurin tsallakawar masu tafiya a ƙasa, ba ya bukatar allo ya gaya masa ya yi ba daidai ba. Shari'a ta riga ta hana cuta da cutarwa a hadisin da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Hadisin Abu Sa'id al-Khudri a Bukhari da Muslim ya sanya wa hanya haƙƙi, a ciki har da kame cuta daga masu wucewa, wani hadisin kuma ya ƙirga gusar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani. Ƙa'idojin tuƙi ma sun hana tsayawa a irin waɗannan wurare ko da allo ko babu. A nan idon direba da hankalinsa su ne sanarwar. Wannan ya shafi al'ummar zango kai tsaye, domin motocin masallata ranar Juma'a, da rumfunan suna da na aure da na zaman makoki, sukan tare hanya a unguwanni masu ƙuncin titi irin Nima da Maamobi. Kyawun niyyar taro ba ya ɗauke haƙƙin mara lafiyan da ake ƙoƙarin wucewa da shi.

Amma gefen titi mai faɗi, inda motar da ke tsaye ba ta tare kowa ba, lamarinsa daban ne. Babu abin da ke jikin kwaltar da zai nuna cewa nan an hana, can an halatta, ko an hana da safe an halatta da dare. Hukuma ce ta zaɓi hakan don wata maslaha da ta hango, kamar buɗe hanyar motocin haya ko rage cunkoso. Zaɓin na iya zama daidai, kuma bin sa wajibi ne, amma ba a gane shi da hankali kawai. A irin wannan wuri allon wani yanki ne na dokar kanta. Idan babu shi, umarnin yana nan a takarda a ofis, bai iso titi ba.

Matsayin dokar hukuma da tarar kuɗi

Wasu kan tambaya ko dokar majalisar birni a ƙasar da Musulmi suke kusan kashi 20 cikin 100 tana hawa kan Musulmi ta fuskar addini. Amsar da yawancin malaman wannan zamani ke bayarwa ita ce tana hawa. Tsara hanya yana cikin maslahohin da shari'a ba ta ambace su da suna ba amma suna kare rai da dukiya, kuma mazhabar Malikiyya ta shahara da karɓar irin wannan maslaha, kamar yadda Shaɗibi, wanda ya rasu a 1388, ya faɗaɗa bayani. Ƙari a kan haka, karɓar lasisin tuƙi alkawari ne na bin ƙa'idar hanya, cika alkawari kuwa wajibi ne da Musulmi da wanda ba Musulmi ba.

Sai dai ƙa'idar da ta ba hukuma wannan iko ita ce kuma ta yi mata iyaka: duk abin da shugaba zai zartar a kan jama'a a rataye yake da maslaharsu. Wannan ya fi tsanani idan hukuncin na kuɗi ne. Yawancin malaman mazhabobi huɗu sun hana ladabtarwa ta hanyar karɓar dukiya, kuma daga cikin dalilansu akwai tsoron kada ta zama ƙofa ga azzaluman masu mulki su ci dukiyar mutane. An ruwaito halascinta daga Abu Yusuf, Ibn Taimiyya da Ibn al-Ƙayyim suka ƙarfafa shi, Ibn Farhun na Malikiyya kuma ya kawo wuraren da mazhabarsa ta yi aiki da ita a Tabsiratul Hukkam. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Kitabul Farƙ, ya soki sarakunan zamaninsa a kan mayar da hukunci hanyar tatsar dukiya da karɓar gaisuwa.

Abin da ake fahimta daga wannan saɓani shi ne, ko waɗanda suka halatta tara sun halatta ta ne don tsawatarwa. Tsawatarwa kuwa tana aiki ne a kan wanda ya san hani ya keta. Wanda bai sani ba, tara ba ta koya masa komai sai tsoron jami'i. Idan kuma hukuma tana samun kuɗin shiga daga wurin da ta bar allonsa a lalace, to amfaninta ya koma cikin ɓatan jama'a, wanda shi ne ainihin abin da masu hanawa suka ji tsoro.

Abin da masana doka da dokar Ghana suka ce

Falsafar Turai ta isa wuri ɗaya ta wata hanyar. Aristotal ya rarrabe jahilcin ƙa'ida, wanda ake zargi a kai, da jahilcin halin da ake ciki, wanda ke jawo afuwa. Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya sanya shelantawa cikin sharuɗɗan da doka ba ta zama doka sai da su. Marubutan tarihin Rum sun ambaci sarki Kaligula a matsayin misalin zalunci, domin ya sa an rubuta dokar haraji da ƙananan haruffa an kafa ta inda ba a iya karantawa. A 1964 Lon Fuller, malamin doka a Amurka, ya lissafa hanyoyi takwas da mai mulki ke kasa yin doka, a cikinsu akwai rashin bayyana ta, da rubuta ta a dunƙule, da saɓani tsakanin abin da aka shelanta da abin da jami'ai ke zartarwa.

Tsarin mulkin Ghana na 1992 ya ɗauki wannan ƙa'ida. Sashe na 19 ya hana a kama mutum da laifi sai an fayyace laifin da hukuncinsa a rubutacciyar doka. Sashe na 23 ya wajabta wa hukumomi da jami'ansu su yi aiki da adalci da sanin ya kamata, ya kuma ba wanda aka ƙwara damar neman haƙƙinsa a kotu. Dokar ƙananan hukumomi ta 2016 ta ba majalisu ikon kafa dokokinsu, amma sai an wallafa su ga jama'a suke fara aiki. Sashe na 29 na dokar laifuffuka ta 1960 kuwa ya yi rarrabewar da ta yi kama da ta Ƙarafi: kuskure a kan haƙiƙanin abu, idan da zuciya ɗaya aka yi shi, uzuri ne, rashin sanin cewa doka ta hana ba uzuri ba ne.

Shari'u biyu sun nuna bambancin. A shari'ar Nyameneba ta 1965, wasu mabiya wata ƙungiyar addini sun daɗe suna shuka wani ganye a fili suna amfani da shi a ibada da magani, sai bincike ya nuna tabar wiwi ce. Kotun Ƙoli ta wanke su, domin ta gamsu cewa ba su san mene ne ganyen ba. A shari'ar Foli na Takwas ta 1968 kuwa, wasu shugabannin gargajiya sun ƙona gawa bisa al'adarsu ba tare da izinin hukuma ba, suka ce ba su san doka ta hana ba, kotu ta ƙi karɓar uzurin. Direban da allo ya ɓoye masa ya fi kusa da mutanen shari'ar farko: ya san akwai dokar hani, abin da bai sani ba shi ne cewa wannan gefen titin yana cikinta.

Wallafa doka a jaridar gwamnati ba ya wadatarwa a irin wannan hali, domin jarida ba ta gaya wa mai tuƙi inda zai taka birki. Shi ya sa yarjejeniyar Biyana ta 1968 a kan alamomin hanya ta tsayar da wannan siffa: da'ira mai launin shuɗi da jan baki, da jan layi ɗaya a karkace don hana ajiye mota, ko layi biyu a gicciye don hana tsayawa gaba ɗaya. Amfanin siffa shi ne ba ta bukatar Turanci, abin da ke da muhimmanci a garin da direbobi daga Nijar da Burkina Faso da Togo da Najeriya ke shiga. Ghana kanta tana da misali mai kyau a tarihinta. Da za ta koma tuƙi ta hannun dama a ranar 4 ga Agusta 1974, sai da aka daɗe ana wayar da kai a rediyo da jaridu da tashoshin mota kafin ranar ta zo. Tsarin gargajiya ma haka yake: a ƙasar Hausa mai shela ke zaga kasuwa da umarnin sarki, a garuruwan Ghana kuma mai buga ƙuge, kafin a tuhumi kowa da saɓawa.

Nauyin da ke kan direba

Duk wannan bai sauke wa direba nauyi ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Littafin Ahalari, wanda yaran makarantun zango ke karantawa tun suna ƙanana, ya koyar da cewa mutum ba ya shiga aiki sai ya san hukuncinsa, idan bai sani ba ya tambayi masana. Hadisin Nu'uman ɗan Bashir kuma ya nuna cewa tsakanin halal da haram akwai abubuwa masu rikitarwa, wanda ya nisance su ya tsare addininsa da mutuncinsa. Allo mai dishi-dishi, ko ragowar fenti a bakin kwalta, ko titin da duk motoci suka ƙaurace wa gefensa ɗaya, alamu ne da ke kiran mutum ya dakata ya tambayi mai shago ko mai gadi. Matambayi ba ya ɓata.

Sai dai a nan akwai mizani biyu da bai kamata a cakuɗa su ba. Tsantseni nasiha ce ga mutum a kan kansa: idan ka yi shakka, ka bari. Hukunci kuwa ƙa'ida ce a kan mai iko: idan ka yi shakka, kada ka hukunta. Fiƙihu ya ce asali shi ne kuɓutar wuyan mutum daga kowane bashi, yaƙini ba ya gushewa da shakka, kuma dukiyar mutum haramun ce sai da dalili bayyananne. Saboda haka direban da ya bar tsantseni ya bar abin da ya fi, amma hakan kaɗai bai halatta wa jami'i kuɗinsa ba. Wanda ke da'awar an keta hani shi ke da nauyin nuna cewa hanin yana tsaye a wurin, a lokacin, ta yadda mai ido zai gani.

Halascin ƙalubalantar tara

Akwai masu ganin cewa jayayya da hukuma a kan 'yan sidi kaɗan rashin haƙuri ne, ko rashin yarda da ƙaddara. Wannan fahimta ba ta da ƙarfi. Aya ta 148 a Suratun Nisa'i ta ba wanda aka zalunta damar bayyana kukansa. Daulolin Musulunci sun kafa kotun mazalim musamman don sauraron ƙarar talakawa a kan ma'aikatan hukuma, kamar yadda Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya tsara a Al-Ahkamus Sulɗaniyya. Wasiƙar Sayyidina Umar zuwa ga Abu Musa al-Ash'ari ta umarci alƙali ya janye hukuncin jiya idan ya gane kuskurensa yau. Al-Maghili, a nasiharsa ga Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya ja kunnen sarki a kan shamaki tsakaninsa da masu kawo kuka. Yafe haƙƙin kai falala ce, amma allon da ya ɓoye wa mutum ɗaya yau zai ɓoye wa wani gobe, don haka ƙorafin da ya sa aka gyara shi ya amfani jama'a.

Halascin yana da sharuɗɗa. Na farko gaskiya: wanda ya ga allon ya ce bai gani ba ya haɗa saɓa doka da ƙarya, idan ya rantse kuma ya ƙara da rantsuwar zur. Na biyu hujja: hoton wurin da waya kafin a motsa motar, wanda ke nuna titin daga inda direba ya shigo, da shaidar waɗanda ke wurin, da takardar da jami'i ya bayar. Na uku ladabi: jami'in da ke bakin titi sau da yawa umarni yake bi, zagi da kokawa da yanke ƙarfen taya laifi ne sabo da ke rushe ƙorafi mai kyau. Na huɗu bin ƙofar da ta dace: ofishin majalisar da ta yi kamun, da rubutaccen koke, sannan kotu ko hukumar kare haƙƙin ɗan Adam da adalcin gudanarwa, CHRAJ, wadda aka kafa a 1993. Wanda bukata ta tilasta masa biya don ya karɓi motar da yake ci da iyalinsa da ita, ya biya a ofis ya karɓi rasit, domin rasit ne hujjarsa idan zai nemi a mayar masa.

Abin da ba ya cikin hanyoyin nan shi ne sasantawa a bakin titi da abin goro. Hadisi ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa. Wasu malamai sun yi rangwame ga wanda ya bayar don tunkuɗe zalunci, amma da sharaɗin babu wata mafita, sharaɗin da ke da wuyar cika inda ofis da kotu suke a buɗe. Ban da haka, kowace irin wannan sasantawa tana ƙara wa allon da ya lalace daraja a idon mai kamu, tana rage dalilin gyara shi.

Hukuncin da ya fito

Hujjojin addini da na doka sun haɗu a kan rabon nauyi kamar haka. Inda cutarwar ajiye mota a fili take, direba yana da laifi ko babu allo. Inda allo yake tsaye, ana iya karanta shi daga inda mai tuƙi ke shigowa, direba yana da laifi ko da bai kula ba, domin dubawa aikinsa ne. Inda hanin zaɓin hukuma ne kawai, allon kuma ya faɗi, ko ya goge, ko an rufe shi, ko bai nuna iyakarsa da lokacinsa ba, babu laifin da ya tabbata, abin da ya dace shi ne gargaɗi ga direba da gyara daga majalisa. Kuɗin da aka karɓa a wannan hali na uku ba halal ba ne ga hukuma, kuma mayar da shi ga mai shi wajibi ne.